Saiwar haƙori: aikin da ido ba ya gani

Ƴan uwa masu karatu, manoma da makiyaya, duk mun san itace ba ya tsayawa sai da saiwa. Haƙori ma haka yake. Sai dai akwai bambanci. Iri in an shuka shi, saiwa yake fara yi kafin ya tsiro. Haƙori kuwa kansa ke fara ginuwa, saiwa ta biyo baya. Haka abin yake ga mutum da dabbobin da ke shayar da ƴaƴansu nono.

Yadda saiwa ke ginuwa

Haƙora suna fara ƙulluwa cikin muƙamuƙin ɗan tayi tun ciki yana da wajen mako 6. In farin kan haƙori ya kammala, sai wata siririyar fata ta miƙa daga gindinsa zuwa cikin ƙashi, kamar kuben wuƙa. Wani masani Bajamushe, Oskar Hertwig, ya bayyana ta a 1874. Ita ke shata tsawon saiwa da siffarta da yawanta. Shi ya sa haƙoran gaba suke da saiwa 1, turamen ƙasa 2, turamen bisa 3. In kuben ya gama aikinsa sai ya wargaje, wasu ƙananan zaruruwa masu rai su ɗaure saiwar da ƙashin muƙamuƙi.

Lokacin da haƙori ya huda dasashi, saiwarsa ba ta cika ba. Haƙorin girma yana buƙatar ƙarin shekara 2 zuwa 3 kafin bakin saiwarsa ya tsuke. A tsawon wannan lokaci, ko da mun gan shi fari tas, bai yi ƙwari ba. In ruɓa ko bugu ya kashe jijiyarsa, saiwar ta daina girma ke nan.

Famfara

Yaro yana da haƙoran nono 20, babba yana da 32. Haƙoran nono ma suna da saiwa. In na girma ya taso daga ƙarƙashi, jiki da kansa yake cinye saiwar na nono sannu sannu, har ya yi girgiɗi ya faɗi.

Dabbobinmu ma suna famfara. Saniya da tunkiya da akuya suna da haƙoran gaba 8 a ƙasa, bisa kuwa dasashi ne mai tauri. Rago yakan canza biyun farko yana da shekara 1 zuwa 1 da rabi, sa kuwa wajen shekara 2. Abin da mai sayen ragon layya ke dubawa ke nan in ya buɗe bakinsa. Ɓera da gafiya da zomo kuwa, gindin haƙoransu na gaba ba ya rufewa, suna ta tsawo har mutuwa. Gaigayar da ɓera ke yi cikin rumbu ita ke rage masa su.

Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya, turmin girma na farko yana fitowa can baya lokacin da yaro yake da wajen shekara 6, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗaukarsa na nono, su bar shi ya ruɓe. Alhali in ya tafi ba shi da magaji. Mu rage wa yara alewa da sukari, mu saba musu da asawaki safe da dare.

Na biyu, kada mu raina ruɓar haƙorin nono. Mugunyar da ta taru a saiwarsa tana iya ɓata na girma da ke kwance ƙarƙashinsa.

Na uku, in haƙorin girma ya fita saboda faɗuwa ko bugu, mu riƙe shi ta kansa. Kada mu kankare saiwar, domin zaruruwan nan ne za su sake kama ƙashi. Mu sa shi cikin madara, mu gaggauta zuwa wurin likita kafin awa 1 ta cika. Haƙorin nono kam ba a maida shi.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalinmu da bisashenmu.