Daga Mayo Zuwa Totil: Abin da Hawan Dutse Ke Koya wa Ɗan Fili

Yaron da ya tashi a Mayo, can kudancin Khartum, bai san tudu ba. Ko'ina ya duba shimfiɗaɗɗen fili ne, sai gidajen ƙasa da ƙura. Ɗaya daga cikin tuddan da ke kusa da shi shi ne Jabal Auliya a bakin Farin Nilu, inda aka gama gina madatsar ruwa a 1937. A arewacin Umdurman kuma akwai tsaunukan Karari, inda aka gwabza yaƙi tsakanin mayaƙan Mahadi da sojojin Ingila ranar 2 ga Satumba, 1898. Amma duk wanda yake son ya hau dutse ya hango gari kwance a ƙarƙashinsa, Kasala ce wurin zuwa, a gabashin Sudan kusa da iyakar Eritiriya, tafiyar kimanin kilomita 600 ta hanyar Wad Madani da Gadarif.

Bahaushe ba baƙo ba ne a can. Kasala tana kan tsohuwar hanyar alhazai zuwa Sawakin, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yada zango da niyyar wucewa nan suka zauna, suka yi noma, suka hayayyafa tare da Hadandawa da Bani Amir da Rashaida.

Duwatsu uku ne suka tsaya a kan garin: Taka da Totil da Awetila. Ƙololuwarsu sulɓi gare ta, sai gwanayen hawa masu igiya. Abin da kowa ke iyawa shi ne ɗan zagayen gindin dutse. Akan faro daga unguwar Khatmiyya, wurin tsohon masallaci da hubbaren Sayyid Hasan al-Mirgani, wanda ya rasu a 1869, ɗan wanda ya kafa ɗariƙar Khatmiyya. Ginin ya sha ɓarna a zamanin Mahadi, bayan faɗuwar garin a hannun mayaƙansa a 1885, har yau kuma wani sashensa ba rufi. Daga nan sai a nufi Totil, a bi matakala a tsakanin manyan duwatsu, a wuce rumfunan masu gahawa, a isa rijiyar da mutanen garin ke cewa wanda ya sha ruwanta sai ya sake dawowa Kasala. Awa ɗaya ko biyu sun isa a hau a sauko. Shi ya sa angwaye da amare daga sassan Sudan suka daɗe da mayar da wurin wajen shan iska.

Me ya sa duwatsun suka yi wannan siffa mai kama da an gyara su da hannu? Asalinsu narkakken dutse ne da ya daskare a hankali a can cikin ƙasa. Cikin miliyoyin shekaru ruwa da iska suka kwashe ƙasa mai laushi da ta lulluɓe su, mai taurin ya rage a tsaye. Da nauyin da ke danne shi ya tafi, sai bayansa ya riƙa tsagewa, zafin rana da sanyin dare suna ƙara buɗa tsagar, yana ɓarewa falle-falle kamar albasa. Manyan duwatsun da mai hawa ke ratsawa a gindi, ɓawon da ya zubo ne. Falalen dutse ba ya shan ruwa, don haka ruwan sama kan gangaro ya shige cikin tsage-tsage da tarin tsakuwa, ya ɓuya daga rana. Nan ne sirrin samun rijiya a jikin dutse.

Daga sama ne kuma ake gane dalilin zaman garin. Za a hangi kogin Gash ya raba Kasala biyu. Daga tsaunukan Eritiriya yake tasowa, inda ake kiransa Marab, kuma yawanci daga Yuli zuwa Satumba kawai yake gudu. Ba ya kaiwa teku, yana bazuwa ne a filayen arewa wajen Aroma, ya ƙare a gonaki. Sauran watanni rairayi ne fari fat, amma ruwan yana nan a ƙarƙashi, shi rijiyoyi ke zuƙowa su shayar da lambunan ayaba da mangwaro da lemo da albasa da ake kira sawagi. Kogin da ke ciyarwa shi ne kuma ke cinyewa: a 2003 ya fasa gaɓarsa ya raba dubban mutane da gidajensu. Zaman mutum a nan ma ba na jiya ba ne. A Mahal Taglinos, a gindin waɗannan duwatsu, masu haƙar tarihi daga Italiya sun gano matsuguni da kaburbura da suka haura shekara 4,000.

Hawa yana da ladabinsa. A fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, domin dutsen yana ɗaukar zafi sosai. A sa takalmi mai riƙo, a ɗauki ruwa, kada a tsokani birai, kuma a guji falale idan an yi ruwa. A kewayen Khartum kuwa, tun yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, kada kowa ya hau tudun da ba a tantance ba, saboda ragowar makaman da ba su fashe ba.

Yaƙin nan ya kai iyalai masu yawa daga Khartum da Jazira zuwa Kasala, ba don yawon buɗe ido ba. 'Ya'yansu sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, sun kuma cancanci ganin kyan ƙasarsu. Malamai da iyaye su riƙa kai su Totil, a nuna musu dutse da kogi da lambu, a bayyana musu yadda ɗaya ya dogara da ɗaya. Hukumomin gari da masu rumfuna kuma su haɗa hannu wajen kwashe leda, gyara matakala da hana sare 'yan itatuwan da suka rage. Aiki ne mai araha, kuma ana iya fara shi tun kafin bindiga ta yi shiru gaba ɗaya.