A rubuta sunayen waɗanda suka tafi yaƙi ba su komo ba

A ƙasar Dogarawa, da Ƙwanni, da Illela, akwai gidajen da har yau ake cewa: kakan wane ya tafi soja, bai komo ba. Ba a ga gawa ba, ba a san kabari ba.

Ina suka tafi?

Zamanin da Faransa ke mulkin Nijar, an yi manyan yaƙe-yaƙe biyu na duniya. Na farko daga 1914 zuwa 1918, na biyu daga 1939 zuwa 1945. Kwamandan yakan aika wa sarki, sarki ya aika wa masu gari, kowane gari ya kawo samari. Da yawa ba da son ransu suka tafi ba. Waɗansu harsashi ya kashe su, waɗansu sanyi da ciwo.

Waɗanda suka tsira ma ba su huta ba. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka fito daga hannun Jamus suka nemi kuɗinsu. Aka buɗe musu wuta. Sai a 2024 Faransa ta amsa cewa kisan gilla ne. A 1959 kuma ta tsayar da fanshon tsoffin sojojin Afirka, ya zauna ƙasa da na ƴan ƙasarta. Ba a soma daidaitawa ba sai 2007, bayan yawancinsu sun rasu.

Rashin bai ƙare da zamanin Nasara ba. Sojojin Nijar 71 suka rasu a Inates a Disamba 2019, kuma 89 a Cinagodar a Janairu 2020. Sun bar mata da marayu.

Me mai karatu zai yi?

Ya ɗauki littafi, ya je wurin tsofaffin gida. Ya rubuta sunan wanda ya tafi, da na ubansa, da garinsu, da shekarar tafiya. In an manta shekara, a rubuta sunan sarkin lokacin. In akwai hoto, ko lambar yabo, ko takardar fansho, a adana su cikin akwati, nesa da gara da ruwa.

Tsohon soja da ke da rai, a je a gaishe shi, a saurari labarinsa. Matar marigayi, a taya ta noma. Marayu, a sa su lakwal.

Tsoho in ya rasu, da sunayen da ke kansa yake tafiya. Wanda aka rubuta, jikoki za su karanta, su yi masa addu'a. Allah ya jiƙansu.