Shin Sai da Kuɗi Ake Rubuta Ƙ da Ɗ a Kwamfuta?

Tun da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, bukatar buga takardu da Hausa ta ƙaru, sai kuma wata magana ta bazu a shagunan buga takardu na Tasawa da Mayahi, har ta kai ga malaman lakwal na Korgom da Kanambakashe, cewa wai haruffan nan masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, mallakar wani kamfani ne, sai an biya lasisi suke fita, kuma wai manhajar kyauta ita ce ke lalata allon haruffa. A cikin zancen nan akwai sahihi akwai batili, wajibi ne a rarrabe su.

Batun mallaka dai ba shi da asali. Haruffan nan huɗu suna cikin Unicode, ma'aunin da duniya ta yi ittifaƙi a kansa, tun farkon shekarun 1990, kuma hukumar ilimi ta Nijar ta tabbatar da su a ƙa'idar rubutun Hausa ta 1999, babu mahaluƙin da ke karɓar ko dala a kansu. Amma jita-jitar tana da tushe, domin kuwa Keyman, manhajar da aka fi sani wajen rubuta irin waɗannan haruffa, a da sayar da ita ake yi, har ƙungiyar SIL ta mallake ta a 2015, ta mayar da ita kyauta ga kowa. Wanda ya ce ya taɓa ganin ana neman kuɗi bai yi ƙarya ba, labarinsa ne ya tsufa. Haka nan gaskiya ne Microsoft Office na biya ne, in ba a biya ba yakan hana gyaran takarda, alhali LibreOffice, wadda ke yin kusan aiki ɗaya, ba ta neman komai.

Inda aka fi ruɗewa shi ne batun lalacewa. Galibin kwamfutocinmu allon Faransa gare su, wanda layinsa na sama ya fara da A da Z, shi kuwa tsarin Hausa da ke cikin Windows an gina shi bisa allon Ingilishi mai farawa da Q da W. Saboda haka idan magatakarda ya zaɓe shi, ya danna A sai Q ta fito, ya nemi M ya tarar ta ƙaura, nan take sai ya yanke hukunci cewa na'urar ta kamu da cuta, ga abokin ciniki tsaye yana jiran takardarsa. Babu abin da ya lalace, kuma ba laifin manhajar kyauta ba ne. Hakazalika ɗan akwatin nan da ke bayyana a gurbin ƙ, alama ce cewa salon haruffan da aka zaɓa ba shi da ita, da zarar an koma Charis ko Andika, waɗanda su ma kyauta ne, sai ta fito sarai. Ba na musun cewa manhajar kyauta takan zo da aibi na haƙiƙa, lasisinta ma ya faɗa ƙarara cewa babu lamuni, sai dai irin wannan aibi sabuntawa ke maganinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙazafin da ake yi wa samarin da ke sa wa mutane waɗannan manhajoji, ana cewa sun ci haram don sun karɓi jika ɗaya. Manhajar tamkar rijiyar waƙafi ce, ruwanta na kowa, amma ɗan ga-ruwa da ya jawo ya kai maka gida ladan wahalarsa halal ne, kuma GPL kansa, ɗaya daga cikin lasisin manhajojin kyauta, tun 1989, ya halatta karɓar kuɗi a kan kwafi. Zalunci shi ne a ce maka haruffan za su ƙare bayan shekara sai ka sake biya. A ƙarshe, don kauce wa ɗan akwatin nan, wanda zai kai takardarsa wani shago a buga, ya adana ta a PDF kafin ya zuba a kile, domin ta haka salon haruffan ke tafiya tare da ita.