Kai yara bara ko aikatau: wata shida ne ko shekara talatin? Ga abin da dokar Nijar ta tanada

Akwai tambayar da ke yawan dawo mana duk lokacin da muka taɓo zancen yara a shirye-shiryenmu. Mutum ya kira daga ƙauye, ko ɗan uwa ya aiko saƙon murya daga Aljeriya ko Legas, yana cewa: in uwa da uba da kansu suka ba da yaro, ina laifin wanda ya tafi da shi? Amsar ita ce laifi na nan daram, kuma nauyinsa ya fi yadda da yawa daga cikinmu ke zato.

Bari mu fara da mai sauƙin. A kundin hukunta laifuka na ƙasarmu akwai ayar doka ta 181 da ke magana kan bara. Ta ce iyayen yaron da bai kai shekara 18 ba wanda ya mai da bara sana'a, da wanda ya sa shi barar, da duk mai cin ribarta yana sane, ana iya ɗaure su daga wata 6 zuwa shekara 1. Wannan ita ce mutane suka fi ji, shi ya sa wasu ke ɗaukar abin da wasa.

To amma akwai wata doka da ta fi ta haƙori nesa ba kusa ba. Ita ce mai lamba 2010-86 ta ranar 16 ga watan Disamba na 2010, wadda ta shafi yaƙi da fataucin mutane. A ƙarƙashinta, wanda ya yi fataucin baligi zai sha ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Idan kuwa yaro ne, hukuncin ya tashi daga shekara 10 zuwa 30. Yaro a idon wannan doka shi ne duk wanda bai cika 18 ba, ko da ya yi gemu, ko da ta isa aure a ganin mutanen gari.

Kalmar fatauci ce ke ruɗar da jama'a. Da an faɗe ta sai hankali ya tafi ga mutum ɗaure da igiya ana cinikinsa a kasuwa. Ba sai an kai nan ba. Wanda ya nemo yaro, wanda ya ɗauke shi a mota, wanda ya ba shi masauki, wanda ya karɓe shi a can inda aka kai shi, duk suna cikin layi ɗaya muddin manufar ita ce a ci da guminsa: bara, aikin ƙarfi na tilas, bauta, ko lalata. Ba sai an tsallake iyaka ba ma. Ɗauko yarinya daga ƙauye a kai ta birni tana wanke-wanke tun asuba har dare, kuɗin aikinta na shiga aljihun wata uwar ɗaki, yana iya shiga wannan babi.

Ga inda tambayar masu sauraronmu take samun amsa. In baligi ne, sai an nuna an yaudare shi, ko an tsorata shi, ko an tilasta masa. In yaro ne, ba a bukatar wannan. Yardar yaron ba ta wanke kowa, haka ma yardar iyaye. Matar da ta karɓi ɗan maƙwabciyarta a kan za ta riƙa aiko da wani abu duk wata ba za ta tsira da cewa ai da amincewar uwarsa suka tafi ba. Sau da yawa ma wannan yarjejeniyar ita ce shaidar da za ta kama su biyun.

Mu nan kudu ba sai an ba mu labarin inda wannan hanya ke kaiwa ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. 52 daga cikinsu yara ne, kuma akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito. A 2022 kuma gwamnati ta kwaso ɗaruruwan ƴan ƙasa daga Dakar, daga baya daga Gana, inda aka same su suna bara a titi, yara na da yawa a ciki. Mun san talauci ne ke tura mutane, mun san shekarar da damina ba ta yi kyau ba rumbu kan ƙare tun kafin bazara. Sai dai wanda ke tara yaran mutane yana lissafin abin da kowanne zai kawo da yamma, wannan ba yunwa ke damunsa ba, kasuwanci yake yi.

Wasu sun ce mana ai an soke dokar. A nan akwai ruɗani. Wadda hukumomi suka soke a watan Nuwamba na 2023 ita ce dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda ta fi shafar direbobin Agadez. Ta 2010 daban take, sokewar ba ta taɓa ta ba.

Akwai kuma dokar 2003 da ta sanya bauta cikin manyan laifuka, ita ma da ɗaurin shekara 10 zuwa 30, da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Mutanen jihar Tawa sun san zancen wahaya, wato yarinyar da ake saye a ajiye bayan mata huɗu ba tare da haƙƙin aure ba. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a kan jika 240. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun CEDEAO, wadda a watan Oktoba na 2008 ta ce ƙasa ta gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar miliyan 10.

To me ya sa ba mu cika jin an ɗaure wani shekara 20 ba? Nan fa gizo ke saƙar. A 2014 kotu a Birnin Ƙonni ta samu wani dattijo da laifin wahaya, ta ba shi shekara 4, alhali takarda na cewa daga 10. Alƙali na da damar sassautawa in ya ga dalili. Sannan komai ya danganta da sunan da aka ba laifin tun farko: in mai shigar da ƙara ya rubuta shi a matsayin sa yaro bara, ƙarshensa watanni ne, wani lokaci ma hukuncin je-ka-gyara-halinka; in ya rubuta fataucin yaro, zance ya koma kotun manyan laifuka. Abu guda, suna biyu, tsakaninsu shekaru. Wasu ƙararrakin kuwa ba sa ma isa gaban alƙali. Ana kashe su a zaure, a ce ai ɗan uwa ne, a rufa asiri. A ganinmu wannan ne babban rami, domin mai gari na da hurumin sasanta rikicin gona ko na aure, amma babban laifi irin wannan ba na sulhu ba ne.

Ga ƴan uwanmu da ke waje masu aiko da kuɗin mota a turo musu yaro ya taya su aiki: riƙon ɗan dangi ba laifi ba ne, al'adarmu ce. Abin da za a duba shi ne yana zuwa makaranta, yana ci yana ƙoshi, ana kula da lafiyarsa, ko kuwa shi ke ciyar da gidan. Dokar aiki ta 2012 ma ta hana ɗaukar yaron da bai kai 14 ba aiki.

Wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba yana iya zuwa wurin jandarmomi ko ƴan sanda mafi kusa, ko ofishin kula da yara na gundumarsa. Akwai hukumar ANLTP da aka kafa don wannan yaƙi, akwai gidan karɓar waɗanda aka ceto a Damagaram tun 2019, kuma mai ƙaramin ƙarfi na iya neman taimakon shari'a kyauta ta hannun hukumar ANAJJ a kotu.