Darasin Ƙofar Gayan: Me ya sa banki ba ya yarda da na'urar POS sai da shaida?

A zamanin da, tsaron birnin Zariya ya dogara ne ga ganuwa da ƙofofinta, irin su Ƙofar Gayan, Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana. A bakin ƙofa ake tare baƙo, amma da zarar ya shige, sai ya saje da 'yan gari.

Haka aka daɗe ana tsara kwamfutocin manyan kamfanoni. Ana ƙarfafa tsaro daga waje, sassan ciki kuma su yarda da juna ba bincike. Illar ita ce, ɓarawon da ya samu ƙofa ɗaya ya samu gari duka.

Abin da ya faru ke nan da kamfanin Target na Amurka a 2013. Masu kutse sun sace bayanan shiga na wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya ɗaki, suka bi ta nan har suka kai ga na'urorin biyan kuɗi, suka kwashe bayanan kati kimanin miliyan 40. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tun a 2010 wani masani, John Kindervag, ya yi kiran a sauya salo: kada wani sashe ya yarda da ɗan'uwansa don kawai suna gida ɗaya. Kowace buƙata sai da shaida, kuma kowane sashe a ba shi izinin aikinsa kaɗai.

Wanda ya ciri kuɗi wurin mai POS a kusa da asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ya ga irin wannan tsari a aikace. Ɗan ƙarfen da ke jikin katin yana samar da sabuwar lambar sirri a kowane ciniki, banki kuma sai ya tantance ta kafin ya saki ko kwabo. Lambar da aka yi amfani da ita jiya ba ta aiki yau.

Inda ake yawan cutar 'yan kasuwa shi ne saƙon alat. Saƙon tes ba ya ɗauke da irin wannan shaida, shi ya sa 'yan damfara ke iya ƙirƙirarsa da sunan banki. Don haka kafin ka miƙa kaya ko kuɗi, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun shiga asusunka.