Giyar da Ajiya Ke Ɓatawa da Wadda Ajiya Ke Gyarawa

Tun daga shekarun 1980 ƙananan masana'antun giya suka yawaita a Amurka da Turai, kowace tana dafa tata da irin nata salo. Tare da su wata muhawara ta taso a tsakanin masu saye: idan mutum ya sayi kwalba mai tsada, ya buɗe ta nan take ne, ko ya kai ta ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta yi shekara biyu ko biyar? Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, kuma ba shi ne batun wannan babi ba. Abin da za mu duba shi ne yadda iska da haske da zafi suke sauya abin da ke cikin kwalba.

Galibin giya ba ta ƙaunar ajiya. Da sha'ir ake dafa ta, wanda aka jiƙa ya yi tsiro, sai a zuba furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hops, sannan yis ya tsima ta. Furen nan shi ke ba ta ɗaci da ƙanshi, amma man da ke ɗauke da ƙanshin ba ya jimawa. Giyar da ake kira IPA, wadda aka cika wa hops, takan fara rasa ƙanshinta cikin 'yan watanni. Shi ya sa kamfanin Russian River na Kalifoniya ya rubuta a jikin kwalbar giyarsa mai suna Pliny the Elder cewa a ajiye ta cikin sanyi, a sha ta da wuri, kada a bar ta ta tsufa. Wani abin lura shi ne, a ƙarni na 19 irin wannan giya ce ake lodawa a jiragen ruwa daga Ingila zuwa Indiya, tafiyar watanni, domin hops yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Yakan kare giya daga ruɓewa, amma shi kansa ƙanshinsa ba ya tsira.

Iskar oksijin ita ce babbar mai ɓarna. Ɗan abin da ya maƙale a wuyan kwalba lokacin rufewa ya isa ya haifar da wani sinadari da ke sa giya ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Zafi kuma yana gaggauta aikin: ƙarin digiri 10 kan ninka saurin lalacewar. Haske ma ba a bar shi a baya ba. Idan rana ta doki kwalba, takan farfasa sinadaran hops su haɗu da sulfa, cikin mintuna giyar ta ɗauki wari kamar na jaɓa. Kwalba mai ruwan ƙasa ta fi koriya ko fara kariya, gwangwani kuwa ya fi su duka.

To ina masu ajiya suka samo hujjarsu? Akwai giyar da tun daga tukunya don jira aka yi ta. Wadda barasarta ta kai kashi 8 ko 10 cikin 100, mai kauri, mai duhu, takan yi laushi da shekaru, zafin barasar ya kwanta, ɗanɗanon busasshen inabi ya fito. A 1968 kamfanin Eldridge Pope na garin Dorchester a Ingila ya fitar da Thomas Hardy's Ale, aka ce za ta iya shekara 25 a ajiye.

Amma gwanayen wannan fanni 'yan Beljiyam ne. A kewayen Brussels ana dafa lambik, wadda ba a zuba mata yis. A buɗe ake barin ruwan ya kwana a faffaɗan kasko, yis ɗin da ke yawo a iska ya sauka a kai. Daga nan sai gangunan katako. Gidan Cantillon, wanda aka kafa a 1900, yakan gauraya ta shekara ɗaya da ta biyu da ta uku ya rufe a kwalba, inda take ci gaba da tsimuwa. A ganina nan ne kaɗai ajiya take da cikakkiyar ma'ana, domin abin da ke cikin kwalbar yana da rai, yana cinye ragowar sukari da iskar da za ta yi ɓarna. Haka giyar Orval ta gidan ibadar 'yan Katolika take: ta wata shida daban, ta shekara biyu daban.

Burukutun da ake dafawa da dawa a sassan arewacin Najeriya shi ma da ransa ake sayar da shi, sai dai a buɗe yake cikin zafi, ba hops, ba murfi, don haka kwana biyu ko uku ya yi tsami.

Wanda zai ajiye giya yana bukatar wuri mai duhu, mai sanyin digiri 10 zuwa 13 da ba ya hawa da sauka. Ko an cika waɗannan sharuɗɗa, giya mara ƙarfi ko mai yawan hops ba abin da za ta ƙaru da shi; ranar da ta bar masana'anta ita ce ranarta mafi kyau.