Harajin gida da kuɗin ruwa: Wa ke biya, wa ke mora a Madakiya?

Wanda ya baro Kafanchan ya nufi Zonkwa zai ratsa Madakiya, garin Bajju da ke Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf. A gefen garin ne magangarar ruwa ta Matsirga take, inda baƙi ke zuwa kallon ruwa yana kwarara daga saman dutse. Sai dai ruwan kallo daban, na randa daban. Kamar sauran garuruwan karkarar kudancin Kaduna, gidaje da dama sun dogara ne da rijiya da burtsatse da rafi, kuma idan rani ya tsananta, mata da yara ne ke sammako da bokiti.

Wannan ne ya sa duk lokacin da aka tayar da zancen harajin gida ko kuɗin ruwa, tambayar da ke zuwa bakin magidanci ita ce: me zai gani a ƙasa?

A dokance, hurumin karɓar harajin ba abin jayayya ba ne. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin tantance gidajen jama'a domin sanya musu haraji, bisa abin da Majalisar Dokokin jiha ta tsara. A 2016 Jihar Kaduna ta tattara dokokin harajinta wuri guda, ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu, ta kuma damƙa tara kuɗin shiga ga hukumar KADIRS. Hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye, KADSWAC na kula da ruwan birane, RUWASSA kuma na karkara.

Wannan tsari ya rage wa 'yan kasuwa fitinar masu yankan rasit barkatai. Amma ya nisanta mai biya daga mai kashewa. Kuɗin da ya bar Madakiya sai ya bi ta asusun gwamnati kafin ya dawo a matsayin kwalbati ko gyaran burtsatse, magidanci kuma ba shi da hanya mai sauƙi ta bin sawunsa.

Akwai kuma batun ma'auni. Gidan haya mai ɗakuna goma a tsakiyar Kafanchan yana kawo wa mai shi kuɗi duk shekara. Gidan gado a Madakiya, ko da ya fi shi faɗi, ba ya kawo ko sisi. Iyali ne kawai ke kwana a ciki. Mai shi manomi ne da samunsa ke bin damina. A 2023, lokacin da cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, manoma da yawa sun tashi hannu rabbana, alhali girman gidajensu bai canja ba. Harajin da ya dubi bango da rufi kawai, bai dubi aljihu ba, zai fi danne irin waɗannan.

A ɓangaren ruwa ma haka abin yake. Inda babu mita, kuɗin wata-wata na bai-ɗaya ake yankewa, ko famfo ya kawo ko bai kawo ba, kuma gidan mutum uku na iya biyan daidai da gidan mutum ashirin. Wanda bututu bai iso unguwarsa ba kuwa, shi ke sayen jarka a hannun 'yan garuwa, a farashin da yakan ninka na hukuma. Mai hali ya haƙa burtsatsensa ya huta. Talaka ne ke biyan ruwa mafi tsada.

Jihar Kaduna ta san ɗacin haraji marar ma'auni. A 1979 Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, saboda yadda suka daɗe suna gallabar talakawa. A Birtaniya ma, harajin kowa-da-kowa da gwamnatin Margaret Thatcher ta kawo ya haddasa zanga-zanga a 1990, har aka maye gurbinsa da wanda ke la'akari da darajar gida.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa tambayar nauyi, domin yanzu akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa a Zonkwa. Abubuwan da za su kawo adalci sanannu ne: a bambanta gidan zama da gidan haya, a sassauta wa zawarawa da tsofaffi, a sa mita kafin a yanka kuɗin ruwa, a kuma liƙa a bainar jama'a abin da kowace gunduma ta tara da abin da aka yi mata.

Mutanen Madakiya sun saba karo-karo domin gina coci da makaranta, saboda suna ganin tubalin yana hawa. Ranar da rasit ɗin hukuma ya zo da irin wannan shaida, mai karɓar haraji zai samu sauƙin aikinsa.